Kwamfutata ta yi nauyi: RAM zan ƙara ko Linux zan koma?

Tambaya: Kwamfutata ta tafi-da-gidanka ƙirar 2015 ce, Core i5, RAM 4GB, Windows 10. Idan na kunna ta sai na jira minti uku kafin ta daidaita. Wasu sun ce in ƙara RAM (ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita), wasu sun ce in bar Windows in koma Linux. Wanne ya fi?

Amsa: Malam, kafin ka sayi komai, danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance. Idan ka ga Disk ya maƙale a 100% alhali CPU (ƙwaƙwalwar kwamfutar) na hutawa, to ga mai laifin nan.

Yawancin kwamfutocin wancan lokaci da HDD suke zuwa: faifai ne da ke juyawa sau 5400 a minti, da wani ɗan hannu mai yawo a kansa yana neman bayani. Kara kunnenka, za ka ji ƙas-ƙas ɗinsa. Windows kuwa dubban ƙananan fayiloli take karantawa wajen tashi, kowanne sai hannun ya je ya lalubo shi, milisakan 10 ko fiye. SSD, ma'adanar zamani da ke maye gurbin HDD, ba abin da ke motsi a cikinta, kusan milisakan 0.1 ya ishe ta. A ganina nan ya kamata kuɗinka ya fara zuwa.

Nemi SSD ta SATA mai inci 2.5, 256GB ko 500GB. Kwashe fayilolinka tukuna, cire caja da batir, kwance murfin ƙasa, zare tsohon faifan a hankali kada ka tsinka igiyarsa, sa sabuwar, sannan ka ɗora Windows ko Linux daga filashi mai 8GB.

RAM ta biyo baya, 8GB ya wadatar. Amma karanta rubutun jikin wadda ke ciki: idan DDR3L ce mai 1.35V, kada ka sa DDR3 mai 1.5V, kwamfutar na iya ƙin tashi.

Batun Linux ba don sauri kaɗai ba ne. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta) da CPU na Intel zubi na 8 zuwa sama, taka ba ta kai ba. Gwada Linux Mint, wani nau'in Linux, daga filashi ba tare da ka ɗora ba, ka duba Wi-Fi, sauti da firinta. LibreOffice, manhajar ofis da ke aiki a Linux, tana buɗe takardun Word, sai dai tsarin shafi kan ɗan goce, Photoshop kuwa ba ta da sigar Linux.