Kyamarar tafiya: kada lambar megafiksel ta ruɗe ka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Zan je Istanbul da Alƙahira, jaka ɗaya tak zan riƙe, kuma wuyana ba ya son nauyi. Wani mai shago ya ce in rabu da Sony da Fujifilm masu megafiksel 24, in ɗauki wata ƙarama da aka rubuta wa 64 da 4K, kuɗinta bai kai rabi ba. Tsorona in zuba kuɗi in dawo da hotuna dishi-dishi.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka mayar masa da abarsa. Kullum sai an kawo mini wannan magana, har na gaji da ita. Ba yawan megafiksel (miliyoyin ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) ke kawo kyan hoto ba, girman sensa ne, wato ɗan farantin da ke kama haske a cikin kyamara, da ingancin gilashin gabanta (lens). Irin waɗannan kyamarori marasa asali, sensarsu ba ta wuce faɗin milimita 6 ba, wata ma ba ta kai ba, sai manhajar ciki ta hura hoton ya cika lambar da aka manna a kwali. Ka tsarma madara da ruwa, kofi ya cika, madara ba ta ƙaru ba. Sensar APS-C kuwa, irin wadda ke cikin Sony da Fujifilm ɗin nan, tana kusan milimita 23.5 da 15.6, a girman fili ta ninka waccan fiye da sau goma. Da rana tsaka a ƙofar shago duk hoto kyau yake yi a ɗan allon baya, shi ya sa a nan suke gwada maka. Shiga cikin masallacin Hagia Sophia na Istanbul, ko lungunan kasuwar Khan el-Khalili ta Alƙahira bayan magariba, nan asiri ke tonuwa: fuska ta narke, zanen bango ya koma tabo.

Tambayi mai shagon, me ya sa Sony A7S III, wadda ƙwararrun masu bidiyo ke sayen ta da tsada, megafiksel 12 kawai gare ta? Shi kansa 4K ɗin da ake yi wa tutiya, wato ma'aunin tsabtar bidiyo, kusan megafiksel 8 ne. Ashirin da huɗu ya ishe ka har ka wanke babban hoto ka rataye a falo.

To me za ka saya? Sony a6400 na da gram 403, Canon R50 gram 375. Ko ta hannu ce babu laifi, muddin ka duba yawan hotunan da ta ɗauka, ka haska cikin gilashin ka tabbata ba hazo ba fumfuna. Gilashi ɗaya mai zuƙowa ya wadatar, ni Sigma 18-50 f/2.8 nake zaɓa, gram 290 ne kacal. Haɗe da kyamarar ba su kai kilo ɗaya ba. In kuɗi ya ragu, ƙara ɗan ƙaramin gilashi mai f/1.8 saboda dare, domin ƙanƙantar lambar f na nufin haske ya fi shiga. Dogon gilashin nan mai kama da bututu, bar shi a gida, sai fa in namun daji za ka ɗauka.

A filin dalar Giza kada ka cire gilashi a sarari, ƙura za ta hau sensa, kowane hoto ya fito da ɗigo a sararin sama. Ka tanadi batir biyu na asali da katin ajiya biyu. Batiran da ba sa cikin kyamara a jakar hannu ake sa su, kamfanonin jiragen sama ba sa yarda su shiga akwatin da ake aunawa.