Tambayi Lokotoro: Jinin yarona ba ya tsayawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Lokotoro, barka da aiki. Ni uwa ce daga Tawa, ɗiyana maza biyu. Babban shekararsa 7, bara lokacin ɗari aka yi mishi kaciya wajen wanzamin gidanmu, wallahi kwana uku jini na zuba, an sa garin magani an ɗaure bai tsaya ba sai da muka kai shi likita aka ƙara mishi jini leda guda. Dama tun yana rarrafe in ya bugu kaɗan sai wurin ya yi baƙi ya tasa, gwiwarsa ta dama kuma kumbura take da zafi ba tare da ya faɗi ba. An yi mishi analiz NFS, wato awon ƙidayar ƙwayoyin jini, aka ce ƙarancin jini ne kawai. Uwar mijina ta ce kambun baka ne. Abin da ke hana ni barci, yayana da muke ciki ɗaya ya rasu yana yaro bayan kaciya, haka inna ke faɗi. Yanzu babansu ya ce bana za a yi wa ƙaramin mai shekara 4. Mi zan yi? Wata uwa daga Tawa.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba yaro lafiya, ya jiƙan yayanki. Kafin komai, don Allah ki samu maigidan yau ɗin nan ki roƙe shi a dakata, kar aska ta taɓa ƙaramin sai an yi awo. Abin da kika lissafa duka ya yi kama sosai da himofiliya, wato ciwon da ke hana jini daskarewa yadda ya kamata, amma labo ce za ta tabbatar ba wasiƙa ba.

Dalilin da NFS ba ta nuna wannan ciwon ba shi ne ita ƙidaya kawai take yi, jajayen ƙwayoyin jini nawa, farare nawa, filaket nawa. Filaket su ne ke fara taruwa su toshe bakin ciwo, mai lafiya yana da wajen 150,000 zuwa 400,000 a ɗan ɗigon da ake kira mikrolita, kuma mai himofiliya nasa cif suke, shi ya sa takarda ke fitowa kamar ba matsala. Su kamar bulo ne da aka jera, simintin da zai kama su kuwa wasu sinadarai ne cikin ruwan jini da ake kira fakta, kowanne da lambarsa. In fakta 8 ce ta yi ƙaranci himofiliya A kenan, ita ta fi yawa, kusan namiji 1 cikin 5,000 ake haifa da ita, in 9 ce kuma B. Shi ya sa jini ya kan yi kamar ya tsaya, can cikin dare ki ga zane ya sake jiƙewa.

To awon da za ki roƙi likita ya rubuta wa yaran biyu shi ne TP da TCA, wato awo biyu na lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare. Ki lura da kwalbar, mai shuɗin marfi ce ba mai ruwan hoda-shuɗi ta NFS ba, kuma sai an cika ta har layi don akwai maganin hana daskarewa a ciki, kashi 1 nasa kashi 9 na jini, in ba ta cika ba sakamako ya ɓaci. Ana juya ta a inji, ruwan ɗorawa ya taso sama, a ɗiba a zuba mishi sinadari a ƙirga sakan nawa zai yi kafin ya kama. Na mai lafiya wajen sakan 30 ne a TCA, na mai himofiliya mai tsanani yana iya ninka haka har ya wuce alhali TP ɗinsa lafiya lau. Daga nan a gauraya ruwan jininsa da na mai lafiya, in lokacin ya dawo daidai an san wani abu ne babu a nasa, sai a auna fakta 8 da 9 ɗin kansu. Ƙasa da kashi 1 cikin 100 mai tsanani ce, 1 zuwa 5 matsakaiciya, 5 zuwa 40 mai sauƙi. Wannan awo na ƙarshe ba kowace labo ke yi ba, in an tura ku Yamai ku tahi da yaran, kar a ce za a aika kwalba a mota, hanyar ta fi kilomita 500 kuma jinin nan cikin awa 4 ake son aiki da shi, balle fakta 8 da ba ta jure zafi.

Maganar yayanki ki faɗa wa likita ita da bakinki ko bai tambaya ba. Ciwon ta wajen uwa yake bi zuwa ɗiya maza, kowane namiji da kika haifa rabi da rabi ne, zai iya ɗauka zai iya tsira, ke nan ƙaramin yana iya zama lafiyarsa ƙalau. Kuma ina roƙon dangin miji kar a mai da wannan abin gori, ba ke kika zaɓa ba, halitta ce. Ke ma in al'adarki na wuce kwana 7 ko kin zubar da jini da yawa wajen haihuwa ki ce a auna ki.

Kafin sakamako ya fito, babban kar a ba shi asfirin ko ibuprofen ko diklofenak, irin waɗanda masu tallar magani ke miƙo wa mutum da ya ce gwiwa, suna ƙara zubar jini, farasitamol kaɗai. Gwiwar nan jini ne ke taruwa a ciki, ba ƙaho ba tsaga ba sakiya ba murza, ya kwanta ya huta a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora a kai shi likita, don in yana maimaituwa gaɓar sandarewa take. Allurar tsoka ma sai kin gaya wa mai yin ta halin da yake ciki. In ya bugu a kai, ko ba ki ga jini ba, likita nan take ko da tsakar dare ne.

Ki faɗa wa maigidan ba wai an hana kaciya ba ne, ko ƙaramin na da ciwon ana yi, amma a babbar likita bayan an sa mishi faktar da ya rasa ta jijiya, a ci gaba da ba shi har wurin ya warke. In takardun sun fito ki sake rubuto min lambobin TP da TCA na kowannensu mu duba tare.