An yi mini tayin kwantenar dogon ƙwan fitila a rabin kuɗi, in saya?

Tambaya: Ina sayar da kayan gini da kayan wuta. Wani dillali ya yi mini tayin kwantena guda ta dogon ƙwan fulorasan a rabin kuɗi. In zuba jarina?

Amsa: Alhaji, riƙe kuɗinka. Arahar nan tana da dalili.

Kowane ƙwan fulorasan akwai zaiba a cikinsa, gubar da ke taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda. Yarjejeniyar Minamata ta ƙasashen duniya kan rage zaiba, wadda ta fara aiki a 2017, ta sa wa irin waɗannan kaya wa'adi. Ƙananan masu lanƙwasa, wat 30 zuwa ƙasa, nasu ya cika a 2025. Dogayen kuma, taron ƙasashen yarjejeniyar da aka yi a Janiba a 2023 ya yanke cewa wasu su tsaya a 2026, sauran a 2027.

Abin da yarjejeniyar ta hana shi ne ƙerawa, da fitarwa, da shigowa da su. Kayan da ke kan kantarka ba ta taɓa su ba, sai in dokar ƙasarka ta ƙara tsanani. Matsalar tana kan hanya. In wa'adin ya cika kayanka na kan teku, kwastam na iya riƙe su, kuɗin ajiya a tashar ruwa yana hauhawa kullum, kuma ba a zubar da su kamar sauran shara, sai ka biya masu kwashe guba.

Ko sun iso lafiya ma, wa zai saya? Ƙwan LED mai wat 18 yana maye gurbin tsohon mai wat 36, ga shi wasu ba sa buƙatar cok da sitata, na'urorin da ke kunna fulorasan. Kwantena guda kwantai za ta yi maka.

Ragowar da ke shagonka, karya farashi ka rabu da su. In ɗaya ya fashe, a buɗe tagogi, kowa ya fita na minti 10. A kwashe gilashin da kwali, a ɗauke farin garin da salatif, a rufe cikin kwalba. Kada a sa tsintsiya, watsa shi take yi.

Tunda kana sayar da fenti, shi ma duba shi. Kafin ka sari fentin mai, musamman ja da rawaya, nemi takardar gwaji da ta nuna gubar dalma ba ta wuce kashi 90 cikin miliyan ba, lambar rukunin da ke kan takardar kuma ta dace da wadda ke jikin gwangwani.