Wa ke riƙe mana yara a Garwa

Yaya, saƙonki ya iso, kuma na ji dariyar da kika ɓoye a cikinsa. Kin ce labari ya kai muku Kano wai kullum safiya ina kai autata gidan maƙwabciya, ƙarshen wata in ƙirga kuɗi in miƙa kamar mai biyan haya. Har kika ce, "To ku mutanen Kamaru, zama da Faransanci ne ya sa raino ya koma na sayarwa? Ina dangi?" Labarin gaskiya ne, fassarar da aka yi masa ce ta karkace.

Fara da ƙirga hannayen da ke gidanku. Hajiya tana nan, ga matan yayyenmu, ga 'yan mata masu dawowa daga Islamiyya. Ki ajiye jariri a tsakar gida ki shiga wanka, kafin ki fito an goya shi. Mu ma a unguwar Hausare ta nan Garwa, inda kakanmu ya sauka da fataucinsa, haka gidan yake a da. Amma gida ya cika ya batse, kowa ya nemi wuri. Ni ina haya a unguwar Rumde Ajiya, Inna ta bi ƙanenmu Ngaundare, tafiyar sa'o'i a mota. Maigidan kuwa rabin watansa a hanyar Yola yake. Dangin suna nan da ransu, sai dai ba sa kusa da ƙarfe bakwai na safe, lokacin da nake neman wanda zan miƙa wa yarinya in hau moto, wato babur ɗin haya.

Dokar aiki ta nan, ta 1992, tana ba mace hutun haihuwa na mako 14, huɗu kafin ta haihu, goma bayan haihuwa, kuma asusun ma'aikata na CNPS ne ke biyan ta. Ki lissafa da kanki: an gama wankan jego, an yi arba'in, saura wata ɗaya ki koma ofis da jaririyar da ko wuyanta bai gama tsayawa ba. Akwai kuma awa ɗaya ta shayarwa kowace ranar aiki har yaro ya cika wata 15, ita nake haɗawa da hutun rana in ruga gida. Wannan duk na mai aikin albashi ne da aka yi wa rajista. Mai tuyar ƙosai da mai awo a kasuwa, bayansu ne ofishinsu da gidan rainonsu.

Makarantar ƙananan yara, wadda muke ce wa matarnel, ta gwamnati sai ɗan shekara huɗu, masu zaman kansu kan karɓi ɗan uku. Tsakanin wata biyu da rabi zuwa shekara uku nan ne ramin yake. Akwai gidajen raino na zamani, kiresh, kuma na je na duba guda. Ba zan kushe shi ba: tsaf-tsaf, ga fanka, ga gadaje a jere. Suka ce sefa dubu 30 a wata, madara da kunzugu daga gare ni. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi a yawancin kamfanoni yake dubu 60 tun 2023, kin ga wannan wuri na matan banki ne da manyan kamfanin auduga na Sodecoton. Abin da ya ƙarasa kore ni ma ba kuɗin ba ne. Na tambayi matar, in yarinya ta ƙi yin shiru wa zai goya ta? Ta dube ni kamar na yi wani yare.

Sai Dada. Bafullatana ce, mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata duk sun yi aure, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Kuma kada ki ɗauka zuwa na yi na ce nawa za ki yi mini raino. Da na yi haka da har yau ba ta amsa sallamata. Wata dattijuwa na tura ta je ta ce mata, 'yarki za ta koma aiki, ga jikarki ba mai riƙewa. Dada ta ce a kawo ta, ai tata ce. Maganar kuɗi sai bayan kwana biyu ta biyo ta bakin dattijuwar nan, kuma ba a kira shi lada ba, kuɗin sabulu sunansa. Dubu goma nake bayarwa, in haɗa da shinkafa da sukari da gyaɗar kunu, da Salla kuma turmin atamfa. Ban taɓa miƙa mata a hannu ba. Ƙarƙashin kwanon abinci nake sawa, ita ma ba ta taɓa ƙirgawa a gabana ba.

Za ki ce to in tata ce, me ya kawo sabulu? Nan ne nake so ki saurare ni, don na ɗanɗana ɗayan. Lokacin babban yarona, wata 'yar'uwar maigidan ce ta riƙe shi, kyauta, don zumunci. Yana wata uku na dawo na tarar ana ɗura masa jiƙo, ga ruwan randa a cokali, alhali a asibiti an ja mini kunne nono zalla har wata shida. Na buɗe baki na rufe. Da wane ido zan gyara wa wadda ke yi mini alheri? Ita ma ashe tana ciki da ni: yaron ya hana ta zuwa suna da biki, ya tsayar mata da 'yar sana'arta ta dakan yaji, kuma kunya ta hana ta faɗa. Muka yi ta haɗiye magana har ranar da ta fashe a kan wani zanen goyo da ya ɓata, abin da bai kai ya kawo ba. Shekara guda muna gaisuwar baki.

Da Dada kuwa ina iya cewa, don Allah kada a ba ta komai sai abin da na tatsa na bari. Ita ma tana iya ce mini, ranar Alhamis zan tafi ta'aziyya Pitowa, nemi dabara. Ba mai jin an ci masa fuska. Kuɗin bai kai ladan wahalarta ba, ni na sani, ita ta sani. Amfaninsa ya buɗe mana baki mu duka biyu.

Kuma ba mu kaɗai ke kaiwa ba, mu ma ana kawo mana. Ma'aikatan da gwamnati ke turowa daga kudu, malaman makaranta da nas-nas daga wajen Yawunde da Duwala, su ne ma ba su da kowa a nan ko na rantsuwa. Da yawansu gidajen Hausawa da Fulani suke nema, don sun lura matanmu na gida suna nan wuni guda, kuma ƙofa a rufe take. Surukata ta riƙe ɗan wata nas Kirista shekara uku. Yaron ya tashi da tuwo miyar yakuwa, in an tada salla ya shiga sahu ya yi ta dungura goshi. Surukata da kanta ta kira uwar ta gaya mata, don kada ta ji a bakin wani ta zaci ana juya mata ɗa. Matar ta yi dariya ta ce a bar shi, Allah ai ba ya gudun yara. Ranar da aka mayar da ita kudu, sai da aka ɓamɓare yaron daga zanen tsohuwa.

Abin da ke ɗan ci mini rai shi ne harshe, ba zan ɓoye miki ba. Garwa garin Fulatanci ne, shi ake yi a kasuwa da kan moto. Autata kalmarta ta farko "kosam" ce, ba nono ba, ruwa kuma "ndiyam". Gaba kaɗan makaranta za ta ɗora mata Faransanci. Shi ya sa na kafa doka, daga ƙofar ɗakina zuwa ciki Hausa zalla. Duk da haka ki shirya, ranar da muka zo za ku sha dariyar Hausarta kamar yadda kuka sha tawa.

Saura tayin da kika yi, na a samo mini yarinya daga ƙauye a turo ta riƙe mini. Na gode, Allah ya bar zumunci, amma a bar ta gaban uwarta. Nan ma ana yi, ana ɗauko su daga ƙauyukan kewaye, kuma na taɓa gwadawa wata biyu. An ce mini shekararta 14, daidai abin da doka ta yarda a fara aiki, amma ko 12 ban ga alama ba. Wata ranar Afrilu, irin zafin nan namu da ke haura digiri 40, na dawo da azahar na same ta zaune a kan siminti ta jingina da bango, barci ya sace ta da goyo a baya, su biyun sun jiƙe sharkaf. Na ɗaga murya zan yi faɗa, sai na ga ita mai rainon da ɗan yatsanta a baki. A makon na mayar da ita gida da kuɗin motarta da na littafi.

In Allah ya kawo ki bikin nan na bayan Salla, gidan Dada za mu fara shiga kafin ki ajiye jaka, kuma gaisuwar suruka za ki yi mata, har ƙasa. Ta ji an ce a Ƙofar Mata ake rinin da ba ya zuba, tun watan jiya take tambayata. Ki taho mata da zane biyu, mai duhun, ba ta son mai haske.