Modem da rawuta: a haɗe ko kowanne daban?

Ka tambaya ko gara ka sayi na'ura guda wadda ta haɗa modem na kebul (na'urar da ke karɓo intanet daga wayar kamfani) da rawuta (na'urar da ke rarraba shi a gida ta Wi-Fi), ko ka sayi kowanne daban. Shawarata ita ce ka saye su daban, amma kafin ka fitar da kuɗinka ka duba jerin modem ɗin da kamfanin da ke ba ka intanet ya amince da su, domin wanda ba ya cikin jerin ba lallai ne su kunna maka shi ba. Ka ɗauki modem mai DOCSIS 3.1 (DOCSIS shi ne tsarin da intanet ke bi ta kebul), musamman idan saurin da kake biya ya kusa gigabit 1, rawuta kuwa mai Wi-Fi 6 ta wadatar.

Dalilina shi ne, modem dole ya zauna inda kebul ya shigo gida, wanda galibi lungu ne. Lokacin da nake amfani da mai haɗe, tana maƙale a bayan talabijin, kuma siginar Wi-Fi ta 5 GHz, wadda bango ke saurin raunanawa, ba ta kaiwa ɗakin kwana. Da na raba su, na ja wayar Ethernet (wayar da ke haɗa modem da rawuta) na ɗora rawutar a kan wata kanta a tsakiyar gida, sai matsalar ta kau.