Filin Tambayoyinku: Me ya sa cout ya ƙi buga Dalibi?

Tambaya: Malam, na haɗa struct mai suna Dalibi a C++, mai ɗauke da suna da maki. Da na rubuta cout << d, inda d yake Dalibi ɗaya, sai kuskure ya cika min allo. Ina matsalar take? (Wani ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Ɗan'uwa, cout, wato mai buga sakamako a allo, ya san lamba da rubutu, amma bai taɓa jin labarin Dalibi ba. Kai za ka koya masa. Rubuta wannan a wajen struct ɗin:

std::ostream& operator<<(std::ostream& os, const Dalibi& d) {
    os << d.suna << ": " << d.maki;
    return os;
}

Dole ya zauna a waje, domin abin da ke hagun alamar << shi ne cout, ba Dalibi ba. In ka cusa shi ciki a matsayin mamba, sai dai ka riƙa rubuta d << cout, abin da ba wanda zai gane.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne return os. Da shi ne ake jera cout << a << b, domin kowace alama tana miƙa wa ta gaba os ɗin, wato hanyar da ake zuba sakamako. Kada kuma ka manta & ɗin da ke manne da std::ostream, don ba a kwafar ostream; in babu shi, shirin ba zai haɗu ba sam.

A cikin aikin, rubuta os, kada ka rubuta cout, in ba haka ba ranar da ka so zuba sakamako a fayil ta ofstream, sai ka gan shi a allo. In bayananka private ne, wato ba a taɓa su daga waje, ayyana aikin da friend a cikin struct ɗin don ya iya kaiwa gare su.