Amsa kan gasar ƙwallon kwando ta rukuni na biyu a Lituwaniya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Malam, na ga tambayarka tun jiya da dare: wani ejan ya yi wa ƙanenka maganar wani kulob a Lituwaniya da ke buga gasar NKL, kana so ka san ko gasa ce ta gaske ko irin ta unguwa, da kuma yadda aka yi ta samu. Na zauna a Kaunas, wani babban birni a ƙasar, shekara shida ina karatu, kuma a cikinsu babu hunturun da ya wuce ban je kallon wasannin wannan gasa ba, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Gasa ce ta gaske. Amma sai ka san ƙasar kafin ka gane nauyinta. Mutanen Lituwaniya ba su kai miliyan 3 ba, wato ba su kai mutanen birnin Kano ba, amma sun ci kofin Turai a 1937 da 1939 da 2003. Su da bakinsu suna kiran ƙwallon kwando addininsu na biyu. Zamanin da suke ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet ba su da tutarsu a filin wasa, sai kulob ɗin Zalgiris na Kaunas ya zame musu tuta. Ya doke CSKA ta Mosko ya ɗauki kofin Sobiyet sau uku a jere, 1985 zuwa 1987, kuma har gobe idan dattijo ya ɗauko maka wannan labari za ka ga idonsa ya kawo ruwa. Da suka ayyana 'yancin kai a Maris 1990 sai ya zama dole su gina gasarsu daga tushe. A 1993 aka kafa babbar gasa, LKL, kuma Sarunas Marciulionis, wanda lokacin yake buga NBA, babbar gasar Amurka, shi ne ya tsaya tsayin daka a kan kafuwarta. Kulob-kulob ɗin da ba su samu shiga ba suka taru a wata gasa ta ƙasa da ita mai suna LKAL. Ita ta riƙe rukuni na biyu har 2005, shekarar da NKL ta gaje ta. A ƙarƙashin NKL kuma akwai ta uku, RKL, ta yankuna.

Tarihin a taƙaice ke nan. Abin da ya fi amfani ga ƙanenka shi ne ya san su wa zai tarar a ciki, domin iri biyu ne.

Akwai ƙungiyoyin yaran manyan kulob, irin su Zalgiris-2 da ta yaran Rytas na Bilniyus, babban birnin ƙasar. Waɗannan ba kofi ne gabansu ba, reno suke yi. Jonas Valanciunas yana ɗan shekara 16 ya buga NKL da Perlas ta Bilniyus a kakar 2008 zuwa 2009, kuma a 2011 Toronto ta ɗauke shi a matsayi na biyar cikin zaɓen NBA. Rokas Jokubaitis ma ta Zalgiris-2 ya bi kafin ya tafi Barcelona a 2021. Sai kuma ƙungiyoyin ƙananan garuruwa, waɗanda su ne ni dai suka sa na kamu da son gasar. Yawancinsu ƙaramar hukuma ce da wani kamfanin garin ke ɗaukar nauyinsu, har sunan kamfanin ya zama sunan kulob. Ta Pasvalys lokacin da nake can sunanta Pieno zvaigzdes, ma'ana taurarin madara, sunan kamfanin nono ne. Ta Marijampole kuwa Suduva-Mantinga, Mantinga ɗin kamfanin burodi ne.

Ba zan manta da wani dare a watan Janairu ba. Wani abokin karatuna ɗan ƙasar ya ja ni garinsu a bas, sanyi kamar zai tsinke kunne. Zauren wasan bai fi na makarantar sakandare girma ba, kujerun farko kusa da layi har kana jin numfashin 'yan wasa da ƙarar takalmi a kan katako. Yara biyu na dukan ganga a lungu, tsofaffin mata sun rungume rigunan sanyinsu a cinya. Waɗanda suka zo baƙunta ƙungiyar yara ce, a cikinsu akwai wani siririn yaro dogo da bai kai 18 ba. Wanda aka sa ya tsare shi magidanci ne da ya haura 30, mai ƙiba, ba ya ko iya tsalle sosai. Wallahi a kwata biyu na farko yaron bai samu sakat ba. Mutumin ya san inda zai sa kafaɗa, ya san lokacin da alƙalin wasa ba ya kallo, ya ture shi daga ƙarƙashin kwando sau ba adadi. Kocin yaran bai cire shi ba. A kwata na huɗu na ga yaron ya fara dasa ƙafa tun kafin ƙwallo ta iso, ya daina jiran a ture shi. Abin da aka kawo shi ya koya ke nan, kuma babu gasar matasa da za ta koya masa shi.

Maganar hawa rukuni na ɗaya ita ce inda mutane ke yawan kuskure. Cin NKL ba ya nufin ka haye kai tsaye, saboda LKL na da sharuɗɗanta na kasafin kuɗi da zauren wasa. Suduva-Mantinga ta ci gasar a 2016 da 2017, amma ta ci gaba da zama a NKL. Mazeikiai, garin matatar mai, ta ci a 2014, ta hau, kaka ɗaya ta yi ta faɗo, sai a 2023 ta sake komawa. Wasu kuma hawan ya karɓe su. Rudupis ta Prienai, garin da mutanensa ba su kai 10,000 ba, ta ci NKL a 2009, cikin shekara biyu ta zo ta uku a LKL. Kulob ɗin garin nan ne LaMelo Ball da yayansa LiAngelo suka zo bugawa daga Amurka a Janairun 2018, ina Kaunas lokacin, 'yan jarida suka cika garin kamar ranar kasuwa. Pasvalys ta ci a 2011 ta hau, Jonava ma ta ci a 2021 ta hau.

To game da ƙanenka. Idan ejan ya ce masa zai yi kuɗi a NKL, kada ya ɗauka. 'Yan wasa da yawa a can ɗalibai ne ko masu wani aikin a gefe. Abin da zai samu shi ne horo mai tsanani da idon masu neman 'yan wasa, domin ƙasar ƙarama ce, wanda ya yi fice a wata biyu kowa ya san sunansa. Salon wasansu kuma na raba ƙwallo ne da tsaro, koci ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Na ga baƙon da ya fi kowa tsalle a ƙungiyarsu yana zaman benci don ya ƙi riƙe tsarin da aka ba shi.

Kafin ku biya ko sisi, ku nemi sunan kulob ɗin ku duba shi a jerin ƙungiyoyin kakar bana a shafin gasar. Ku rubuta wa kulob ɗin da kanku, ba ta hannun ejan ba, ku tambaya ko sun san da zuwansa. Kwantiragi ya zo a rubuce, da maganar masauki da abinci da inshorar lafiya da tikitin dawowa. Na san wani yaro ɗan Afirka ta Yamma da aka karɓe wa iyayensa kuɗi da sunan gwaji, ya sauka a filin jirgi babu wanda ya zo tarbarsa, mu ɗalibai muka yi karo-karo ya kwana a ɗakinmu mako biyu. Idan kun samu sunan garin ka turo a nan, zan gaya maka nisansa da Kaunas da yadda zai shirya wa sanyin. Allah Ya sa a dace.